Juriyar Ɗan Zuru a Gaban Dusar Ƙanƙara

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke lulluɓe duwatsun Zuru, dattawa na jin wuta a ƙofar gida da sassafe, akwai 'ya'yan wannan ƙasa da ke can nesa suna fama da wani irin sanyi da iyayensu ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Wani karatu ne ya kai shi Turkiyya ko Rasha ko Sin, wata aikin jinya ya kai ta Ingila ko Kanada, wani kuma kwas ɗin soja. Idan hutun hunturu ya zo, abokai sukan ce a tafi dutse a yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, inda ake ɗaura wa mutum dogayen alluna biyu a ƙafa, a ba shi sanduna biyu, ya gangaro daga tudu. Wasa ne mai daɗi, kuma babu dalilin hana ɗanmu ko 'yarmu gwada shi. Abin da ke damun mai lura shi ne yadda sababbin shiga ke ta maimaita kurakurai iri ɗaya, waɗanda 'yar magana kafin tafiya za ta iya kawar da su.

Ɗan Zuru yakan bar gida da wata kadara da ba kowa ke da ita ba, wato juriya. Da ita aka rene shi. A al'adar Dakarkari saurayi yakan shafe shekara bakwai yana golmo a gonar surukansa kafin a ba shi mata, ga rana ga ruwan sama, hannu ya yi kanta, ba ya cewa uffan. Wannan hali ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka riƙa ɗibar soja daga nan, har kakanninmu suka yi yaƙi a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan ƙasa Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, shi ma marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na II sai da ya kai Manjo Janar kafin ya hau karaga. Yaron da ya tashi yana jin irin waɗannan labarai yakan ɗauka cewa faɗin "ina jin ciwo" abin kunya ne.

A gona da fagen kokawa wannan ɗabi'a ta yi mana rana. A kan dusar ƙanƙara kuwa ita ce take fara cutar da mai ita, domin yawancin illolin wannan wasa a ɓoye suke farawa, kuma suna ba da sanarwa ƙarama wadda mai cije haƙori zai raina. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Sanyin Zuru, kome tsananinsa, ba ya daskarar da ruwan randa. A kan duwatsun da ake zamiya kuwa ma'auni yakan sauka zuwa digiri 10 ko 15 ƙasa da sifiri, kuma duk mita 1,000 da aka hau sama, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Ga iska a kan haka. Idan jiki ya ji irin wannan sanyi sai ya janye jini daga yatsu da hanci da kunnuwa domin ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa. Da farko yatsun za su yi zogi, daga nan sai zogin ya lafa, su mutu murus. Yaro sai ya yi murna ya ce jikinsa ya saba. A daidai wannan lokaci ne naman yatsan yake daskarewa, kuma in aka daɗe a haka, likita na iya rasa mafita sai yankewa. Binciken da aka yi a rundunonin sojin Birtaniya da na Amurka ya nuna cewa sojoji baƙaƙen fata sun fi takwarorinsu farare saurin samun raunin sanyi a hannu da ƙafa, alhali kaya ɗaya suka sa, aiki ɗaya suke yi. Waɗannan zaratan maza ne da suka ci horo, ba ragwaye ba. Saboda haka, ɗana, idan abokinka ɗan ƙasar ya ce shi bai ji kome ba tukuna, wannan labarin jikinsa ne. Kai ka shiga ɗaki ka ɗumama naka.

Akwai wani ƙarin haɗari ga mai baƙar fata. Littattafan taimakon gaggawa sukan ce a duba ko fata ta yi ja ko fari, amma a jikinmu canjin ba ya fitowa sarai, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri. Wanda ya ga haka kada ya murza yatsan, kada ya goga masa ƙanƙara, kada kuma ya yi abin da muka saba da shi a gida, wato miƙa hannu ga wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki ake so, wajen digiri 37 zuwa 39, a tsoma a hankali, sannan a nemi asibiti. Idan kuma sanyin ya ratsa jiki duka har zafinsa ya faɗi ƙasa da digiri 35, mutum zai yi ta kakkarwa, harshensa ya yi nauyi, ya fara sambatu da tuntuɓe. Wanda ke cikin wannan hali ba ya gane kansa, sai na kusa da shi ya gane. Dalilin da ya sa ba a zuwa dutse a kaɗaice ke nan.

Maganar sutura ma tana da nata ilimi. Mu mutanen auduga ne, kuma a ƙasar zafi babu abin da ya fi ta. Amma auduga tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Mai koyo yana gumi ƙwarai saboda faɗi-tashi, sai kuma ya zauna a kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa saman tudu, iska na kaɗa shi minti goma, singiletin da ta jiƙe ta zame masa ƙanƙara a ƙirji. Abin da masana ke yi shi ne hawa uku: riga mai laushi ta ulu ko ta zaren roba a jikin fata, rigar ɗumi a kanta, sai jaket da wando masu tare ruwa da iska a waje. Wandon jins ba shi da gurbi a nan. Safa kuma guda ɗaya ake sawa, doguwa, ta ulu. Da yawa sukan jibga biyu ko uku da nufin ɗumi, sai takalmin ya matse jini ya kasa zagayawa, ƙafa ta fi yin sanyi. Ba sai an sayi waɗannan kaya duka ba, yawancin wuraren suna ba da hayar takalma da alluna da hular kwano, wasu har da jaket.

'Yata mai sa hijabi, babu abin da zai hana ki wannan wasa cikin suturarki, kayan zamiya ma da kansu a rufe suke ruf. Sai dai a bar dogon mayafi da gyale mai lilo a masauki, domin igiyoyi da ƙarafunan da ke jan mutane sama suna iya kama shi su shaƙe wuya. Ƙaramin hijabi mai kama kai, marar fil, wanda za a cusa cikin jaket a ɗora hular kwano a kai, shi ne daidai.

Rana ma tana da nata sharri a can, ko da yake mutum ba ya jin zafinta. Sabuwar dusar ƙanƙara tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata da ido, ga shi kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Wanda ya wuni ba tabarau ba zai ji kome da rana ba. Sai dare ya yi idanu su kumbura, su yi ta hawaye, ya kasa buɗe su kwana ɗaya ko biyu. Tabarau na musamman da man kare fata da na leɓe ba kayan gayu ba ne, kuma baƙar fata ba ta wadatar da mutum daga gare su.

Sai wata magana da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Bature, wadda kuma da wuya malamin zamiya ya tuna ya yi ta. Garin Zuru bai kai mita 500 daga doron teku ba. Oukaïmeden da ke kusa da Marrakesh a Maroko yana farawa ne daga wajen mita 2,600, Afriski na ƙasar Lesotho, inda ake wasan daga Yuni zuwa Agusta, ya haura mita 3,000. A irin wannan tsawo iskar shaƙa tana raguwa, kuma daga mita 2,500 mutane da yawa kan yi ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Maganinsa hutu da shan ruwa, in ya ƙi lafawa a sauko ƙasa. Amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin jinin sikila, wanda ake kira AS, kuma da yawa ba su ma sani ba domin lafiyarsu ƙalau. A wurin da iska ta yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, jinin irin wannan mutum yana iya toshewa a saifa. Haka ya faru da Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, bayan wani wasa a birnin Denver a 2007. Denver mita 1,600 ce kawai, shi kuma ƙaƙƙarfan ɗan wasa ne, amma sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Duk wanda zai hau dutse ya san rukunin jininsa tun daga gida. Mai AS ya hau a hankali, ya yawaita shan ruwa, in ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu ya sauko ya gaya wa likita rukunin jininsa da bakinsa, domin likitan ƙauyen dutse ba lalle ya yi tunanin sikila ba. Mai cikakkiyar sikila kuwa, wato SS, kada ya ɗaura jaka sai likitansa ya amince.

Da an iso filin, jarrabawa ta farko a shagon haya take. Za a tambayi mutum nauyinsa da tsawonsa da shekarunsa da kuma gwanintarsa. Da waɗannan amsoshi ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allo, yadda in an faɗi zai saki ƙafa. Saurayin da kunya ta sa ya ce ya ɗan iya, za a ɗaure masa maƙalin tam, ranar da ya faɗi allon ya ƙi fita, gwiwa ce za ta murɗe a madadinsa. Tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin raunukan da suka fi yawa a wannan wasa, kuma takan kai ga tiyata da watanni na jinya. Ɗalibin da ya je neman digiri bai kamata ya yi asarar zangon karatu a kan amsa guda ba.

Bayan haka a nemi malami mai lasisi, ko da na awa biyu ne. Aboki yana da kirki, amma yakan gaji da jira ya ja mutum zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsa. Matambayi ba ya ɓata. Malami zai fara da koyar da tsayawa kafin gudu: a haɗa bakin allunan gaba, a ware na baya, a danna gefensu cikin ƙanƙara. Zai ce a karya gwiwa, a jingina ƙwauri da gaban takalmi, domin tsoro yakan sa mai koyo ya kwanta baya, da ya yi haka kuwa allunan sun ƙwace masa. Kamar tuƙin babur ne a wannan fuska, inda ido ya kalla can jiki ke nufa, don haka a dubi hanya a bar kallon ƙafa. Faɗuwa ma ana koyonta: a faɗi ta gefe, a saki sanduna don kada babban yatsa ya goce, kuma kada a yi yunƙurin miƙewa sai an gama zamewa. Hanyoyin suna da launi. A Turai kore da shuɗi na masu koyo ne, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye. A Amurka da Kanada daga kore sai shuɗi sai baƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

Samarinmu masu babur sun raina hular kwano tun a kan hanyar Zuru zuwa Dabai, kuma mun ga abin da hakan ya jawo wa gidaje da yawa. Kada a ɗauki wannan rainin a tsallaka teku da shi. A ranar 16 ga Maris, 2009, 'yar wasan fim ta Birtaniya Natasha Richardson ta faɗi a filin masu koyo na Mont Tremblant a Kanada, tana tare da malami, ba hula a kanta. Faɗuwar ba ta yi kama da mai tsanani ba. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta lau, ta ƙi a kai ta asibiti. Daga baya ciwon kai ya taso, ashe jini ne ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Bayan kwana biyu ta rasu a New York tana da shekara 45. Wannan labari ya kamata ya tsaya a ran duk wanda aka rene shi da cewa namiji ba ya kuka. Wanda kansa ya bugu ya bari ma'aikatan ceto su duba shi ko da yana jin garau, kuma kada ya kwana shi kaɗai a wannan dare. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi ko ruɗewa, duk alamu ne na a ruga asibiti.

Hular ma tana da iyaka. Michael Schumacher, wanda ya ci kambun tseren mota na Formula 1 sau bakwai, gwanin zamiya ne. A ranar 29 ga Disamba, 2013, a Méribel ta ƙasar Faransa, ya ratse ta wani ɗan fili da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu, allonsa ya ci karo da dutsen da ƙanƙara ta rufe, kansa ya bugu da wani dutsen. Likitoci sun ce ba don hular ba da bai kai asibiti da rai ba, amma tun daga ranar bai sake komawa rayuwarsa ta da ba. Kusan shekara biyu kafin nan, a watan Fabrairun 2012, zaftarewar dusar ƙanƙara ta binne Yarima Friso na ƙasar Holan a Lech ta Ostiriya, shi ma a wajen hanyar da aka shata, ya rasu a 2013 bai farfaɗo sarai ba. Igiya da tutocin da aka kafa a gefen hanya waɗanda suka san dutsen ne suka kafa su. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma babu hoton da ya cancanci a tsallake igiya dominsa.

A kan hanya akwai ladubba, waɗanda hukumar wasan ta duniya ta tsara guda goma. Mai koyo ya riƙe uku tukuna. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, domin ba ya ganin bayansa, kai ne za ka kauce masa. Kada a tsaya a ƙuntataccen wuri ko a bayan tudu inda mai gangarowa ba zai hango ba. Kafin a tashi kuma a dubi sama.

Ci da sha suna bukatar lura. Sanyi yana kashe ƙishirwa alhali jiki yana ta asarar ruwa ta numfashi, don haka a sha ko ba a ji bukata ba, a sa dabino ko gyaɗa a aljihu. Akwai masu cewa barasa tana ɗumama jiki. Abin da take yi shi ne buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikinsa na tsiyayewa, ga ta da dusashe hankali. Musulmi ya lura cewa a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a watannin Fabrairu da Maris, daidai kakar wasan. Wunin farko na koyo a kan dutse mai tsawo ba ya haɗuwa da baki a rufe, gara a ɗage shi zuwa bayan salla. Wanda ya yi alwala kuma ya tsane hannu da ƙafa sosai kafin ya mayar da safa.

Duk wannan ba don a tsorata kowa ba ne. 'Yan Afirka sun shiga wannan fage sun fita kunya. Lamine Guèye na Senegal ya yi zamiya a gasar Olamfik ta hunturu a Sarajevo tun 1984. Philip Boit na Kenya ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10 a Nagano a 1998, amma zakaran tseren, Bjørn Dæhlie na Norwe, ya tsaya a bakin layi yana jiran sa har ya iso ya rungume shi. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya tashi a Gana, sai da ya girma ya fara koyo a wani rufaffen fili a Milton Keynes inda yake aiki, ya kuma wakilci ƙasarsa a Vancouver a 2010. Nijeriya ta fara halartar gasar a PyeongChang a 2018 da mata huɗu, sannan Samuel Ikpefan ya zama ɗan zamiyarta na farko a Beijin a 2022. Irin rufaffen filin da Kwame ya koya a ciki akwai shi a Dubai tun 2005, akwai kuma a wajen Alƙahira, kuma wuri ne mai kyau na fara gwaji, ba tsawo ba iska. Juriyar da aka gada daga golmo tana da babban amfani a nan, wajen tashi bayan faɗuwa ta ashirin da komawa aji washegari da cinyoyi masu tsami.

Kafin a bar masauki a duba takardar inshora. Da yawa daga cikin inshorar ɗalibai da ta tafiya ba ta ɗaukar wasannin ƙanƙara sai an ƙara kuɗi, kuma a ƙasashe irin su Faransa mutum ake cajin kuɗin sauko da shi daga kan hanyar zamiya, in da jirgi mai saukar ungulu ne kuɗin na iya cinye guzurin shekara. A Italiya tun daga 2022 doka ta wajabta wa kowane mai zamiya inshorar biyan diyya idan ya ji wa wani rauni. A ajiye lambar gaggawa a waya, 112 a Turai da Turkiyya, 911 a Amurka da Kanada, wayar kuma a sa ta a aljihun ciki kusa da jiki domin sanyi yana shanye batir. A gaya wa wani inda za a je da lokacin dawowa. Idan la'asar ta gabato, ƙafafu sun fara rawa, inuwa ta rufe gangaren, ƙanƙarar ta yi tauri, abokai za su ce a ƙara zagaye ɗaya na ƙarshe. Ɗanmu ya kwance allunansa a nan, ya mayar shagon haya, in ya isa ɗaki ya cire safa ya duba yatsunsa goma ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai ji taɓi ba ya nuna wa ma'aikacin lafiya a daren.